Tanbihi Ga Amintattun Gidan Rediyon Gari A Kan Abin Da Ke Wuyansu



Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani na rubuta wannan takarda ne a kan mutum tara, waɗanda jama'ar garinmu ta zaɓa ta damƙa musu gidan rediyonta, a ke ce musu amintattu, wasu kuma su ce 'yan kwamiti. Ba zan ambaci sunan garin ba, ko na tashar, ko na ɗayansu, domin gyara na ke nufi, kuma cutar ba a garinmu kaɗai ta ke ba. Dukansu sun girme ni, biyu daga cikinsu ma a zauren iyayensu na yi karatu. Ina neman gafararsu a kan kaifin magana, amma ba na janye ko wasali ɗaya.

Asalin al'amarin shi ne wani mai magani, baƙo, ya zo ya sayi fili a tashar, rabin sa'a kowace Talata da Asabar bayan isha'i. Mutum ne mai zaƙin baki. Ya kan buɗe da salati, sa'an nan ya jero sunayen itatuwa, sabara da marke da maɗaci da ƙirya, har mai ji ya ce lalle wannan ya san daji. Kana ya ce gora ɗaya ta maganinsa tana raba mutum da ciwon suga da hawan jini da basir da shawara, rabuwa ta har abada, da sharaɗin a ajiye ƙwayar asibiti kwana 40, wai don kada magani biyu su yi faɗa a ciki. Mahaifiyar wani almajirina, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta shekara takwas tana shan maganin suga na asibiti, kuɗinsa kuwa ya yi mata nauyi ƙwarai. Ta ji wannan magana, ta sayi gora uku, ta ajiye ƙwayarta. Ɗanta ya yi mata magana, ta ce masa, "Kai yaro ne. Ai rediyonmu ne ya faɗa." Tana da hujjar cewa rediyonmu, domin sa'ad da a ke gina ɗakin tashar matan unguwarsu sun tara gero mudu-mudu an sayar an sayi kwano, nata mudun yana ciki. Cikin kwanakin nan ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa. Miki ya ƙi warkewa, ya yi ruwa, ya yi baƙi, ya fara wari. Da aka kai ta babban asibiti a birni likita ya ce an makara, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mai magani kuwa watansa uku sun cika, ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba.

Na tafi wurin shugaban amintattu a ƙofar gidansa bayan la'asar. Na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, Allah ya ja kwana, ga abin da ya fita daga tasharmu, ga kuma abin da ya haifar." Ya yi salati, ya yi juyayi, kuma na shaida juyayinsa na gaskiya ne. Sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ban taɓa jin shirin nan ba. Mu namu neman kuɗin man inji ne da ɗan abin da za a ba yara a ƙarshen wata. Abin da a ke faɗa a ciki kuwa na manaja ne." Na tafi wurin manaja, yaro mai ladabi, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, mutum ya biya kuɗin filinsa. Kuma kullum kafin ya fara mu kan sanar cewa abin da za a ji ra'ayin mai fili ne, babu ruwan tasha." To, kun ji. Shugaba ya tura wa manaja, manaja ya tura wa baƙo, baƙo ya hau mota. Ƙafa ta tafi, an rasa mai ita a wuya.

Abin da na ke cewa a wannan takarda guda ɗaya ne: duk maganar da ta fita daga tashar nan tana wuyan mutum taran nan, sun ji ta ko ba su ji ta ba, kuma rashin jin nasu shi ne laifin, bai zama uzuri ba.

Ga dalili daga abin da mu ka karanta a zaure. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncin dabbobin da su ka yi ɓarna a gona: in da rana ne babu lamuni a kan masu su, domin rana lokacin tsaron mai gona ne, in kuwa da dare ne masu dabbobin su za su biya, domin dare lokacin ɗaure dabba ne. Ba a tambayar mai sa ko ya ga sa'ad da sansa ya shiga dawa. Yana barci ne ma, kuma barcin nasa bai kuɓutar da shi ba, tun da turken a gidansa ya ke. Rediyo kuwa dabbar dare ce. Tana tsallake katanga ta shiga ɗakin da malami ba ya shiga, likita ba ya shiga, ta sami tsohuwa ita kaɗai da fitila, ta sami matar kulle, ta sami makaho, waɗanda ba su da wanda za su juya su tambaya ko abin nan gaskiya ne. Mai gona a nan ba shi da ikon tsaro ko kaɗan. Saura mai turke.

Kuma a Muhtasar na Shehu Halil akwai mas'alar garun da ya karkata: in an gargaɗi mai shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba, har garun ya faɗa a kan mutum, to ya lamunce. A wannan babin ne kuma aka ambaci lamunin mai magani da ya yi aiki da jahilci. Na san bambancin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sababi, kuma ban ce amintattu su biya diyyar ƙafa ba, wannan na alƙali ne, ni ba alƙali ba ne. Abin da na ke so almajirai su lura da shi shi ne malaman fiƙihu ba su taɓa karɓar "ba ni na yi ba" daga wanda abin ɓarnar ke ƙarƙashin hannunsa ba. Mahayin dabba da mai janta da mai korarta duk suna lamunin abin da ta taka. Amintattu su zaɓi wanda su ke cikin ukun nan, hukuncin ɗaya ne.

Amma wannan sanarwa da a ke yi, cewa ra'ayin mai fili ne babu ruwan tasha, ita ce mafi raunin hujjojinsu. Da can mai shela in ya fito kasuwa ya ce Sarki ya gaishe ku, jama'a kan yi tsit saboda sun san bakin wa ya ara. Da wani ɗan kasuwa zai ba mai shela kuɗi ya yi masa tallan guba da gangar fada, babu wanda zai ce fada ta kuɓuta don mai shela ya yi gunaguni a farko cewa maganar ba ta Sarki ba ce. Baƙon nan me ya saya da kuɗinsa? In murya ce yana da lasifika a kan motarsa, ya yi shekaru yana ihu da ita a kasuwanni, tsohuwar nan ba ta taɓa waiwayarsa ba. Abin da ya saya shi ne yardar da mutane su ka yi wa tashar, yardar nan kuwa ta jama'a ce, ajiya ce a hannun amintattu. Sun sayar da abin da aka ba su ajiya, sa'an nan su ce babu ruwansu da abin da mai saye ya yi da shi.

Ni ban yi boko ba. Saboda haka na sa wani almajirina da ya yi, ya karanta mini dokokin hukuma yana fassarawa, ina tambaya yana maimaitawa, har na riƙe abin da na riƙe. A shekarar 1992 aka kafa hukumar da ke ba gidajen rediyo da talabijin lasin a Nijeriya, ita ce NBC. An daɗe ba a ba jama'ar gari lasin nasu na kansu ba, har shekarar 2015 da gwamnatin tarayya ta yarda da tashoshi 17 irin wannan. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu nesa, tun 1999 aka buɗe ta garin Bankilare. Ƙa'idar hukumar ta ce tashar al'umma mallakar al'umma ce, ba a kafa ta don riba ba, kuma al'umma na riƙe ta ne ta hannun amintattu. Watau da wuyan mutum taran nan aka karɓo lasin. Manaja ɗan ƙodago ne, yau yana nan gobe ya sami aiki a birni. In hukuma ta zo rufe tasha ba za ta bi baƙo mai gora ba.

Har wa yau akwai dokar abinci da magunguna ta ƙasa, wadda ta jero cututtuka ta hana a yi wa jama'a tallan wani abu da sunan yana warkar da su, cikinsu akwai ciwon suga da hawan jini da ciwon daji. Ashe abin da aka yi wata uku ana yi a tasharmu dokar hukuma ma ta hana shi tun kafin a haifi manaja. Kuma ƙa'idar NBC ta wajabta wa kowace tasha ta ajiye muryar abin da ta watsa har kwana 90. Na nemi a jiyar da ni abin da baƙon ya faɗa a darensa na ƙarshe, aka ce kwamfuta ta cika an goge. Na tambayi ɗaya daga amintattu ko ya san da wannan wajibi, ya ce yau ya fara ji. Shekararsa biyar a kujerar.

In ka ce, Malam, kai ba ka san tsadar man inji ba, in an kori masu magani tasha za ta mutu, sai in ce na sani, ni ma ina cikin masu ba da gudummawa duk wata, kuma na ga daren da aka kashe tasha tun ƙarfe takwas don mai ya ƙare. Amma ban ce a kori masu magani ba. Ni kaina da sassaƙe aka raine ni, kuma a garin nan akwai wanzamai da maɗora da unguwar zoma waɗanda mu ka san iyayensu, in abu ya fi ƙarfinsu su da kansu su ke cewa a tafi asibiti. A ba irin waɗannan fili. Wanda za a hana shi ne mai cewa gora ɗaya na kashe cuta goma, da mai cewa a bar maganin likita. In kuwa tasha ba ta iya rayuwa sai da kuɗin irin wannan mutum, to gara ta riƙa buɗewa sa'a huɗu a yini da abin da jama'a za su iya ɗauka. Babu wanda aka taɓa yanke wa ƙafa don rediyo ta yi shiru.

In ka ce dattawa ne masu harkoki, ba za su zauna yini guda kunne a akwati ba, sai in ce su tara ne, kwanakin mako bakwai ne, har da ragowar mutum biyu. Kuma wanda ba shi da lokacin amana, wa ya tilasta masa karɓarta? Na ga yadda aka yi ta kai gwauro ana kai mari lokacin zaɓen kujerun nan, har da aike cikin dare.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya a kai. Wani zai ce, in amintattu su ka fara sa baki a shirye-shirye, ai sun zama masu toshe bakin ma'aikata, kowa ya kare abokinsa. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma abin ya riga ya faru. A daminar bara yaran tashar sun yi wani shiri a kan takin zamani da aka ce an kawo wa manoma, su ka buɗe waya, manoma su ka yi ta kira kowa yana faɗin ko ya samu ko bai samu ba, aka fara ambaton inda buhunan su ka kwana. Ba a yi minti goma sha biyar ba waya ta shigo daga ɗaya cikin amintattu, aka yanke shirin aka sa kiɗa. Garin nan kowa ya san wannan. To ina tambaya: kunnen da ya ji maganar taki cikin minti goma sha biyar, yaya aka yi bai ji maganar gora ba cikin wata uku? Ashe suna ji. Ashe kuma suna da ikon tsayar da shiri da waya ɗaya. Sun yi amfani da ikon a inda ya kamata su kame hannu, sun kame hannu a inda ya kamata su yi amfani da shi.

Bambancin kulawa da katsalandan a bayyane ya ke ga mai son gani. Kulawa ita ce su zauna su tara, su rubuta ƙa'ida tun kafin abu ya faru, a karanta wa jama'a ita, ta hau kan kowa daidai, sa'an nan su bar manaja ya yi aikinsa a cikinta, su riƙa binsa da tambaya. Katsalandan shi ne mutum ɗaya ya ɗaga waya cikin dare saboda an taɓa surukinsa. Wanda ya ƙi yin na farko don wai yana tsoron na biyu, alhali na biyun ne sana'arsa, wannan yana yi wa mutane wasa da hankali.

Ina yaro a makarantar allo, shekarar 1994, mu kan ji labarin ƙasar Ruwanda a akwatin mahaifina, inda aka kashe mutum wajen dubu 800 cikin kwana kamar 100, kuma wata tasha mai suna RTLM tana zuga masu kisa tana ambaton mutane da sunayensu. Allah ya tsare, ban kwatanta dattawanmu da waɗancan ba, ko kusa. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne hukuncin da ya biyo baya. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta kama wani malamin tarihi, Ferdinand Nahimana, ɗaya daga waɗanda su ka kafa tashar kuma jigo a kwamitinta. A 2003 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, a 2007 masu ɗaukaka ƙara su ka mayar da shi shekara 30. Abin da ya tabbata a kansa a ƙarshe shi ne yana da ikon hana masu magana a tashar ko hukunta su, bai yi ba. Kuma cikin abin da alƙalai su ka kafa hujja da shi akwai cewa wani jakadan Faransa ya nemi ya sa tashar ta daina zagin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi alkawari, ba a daɗe ba zagin ya tsaya. Su ka ce wanda ya iya tsayar da wannan, da ya so da ya tsayar da wancan. Ku dubi wannan, ku dubi wayar taki.

Kusa da gida kuma, a watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafin shan inna aƙalla tara a Kano, 'yan kwanaki bayan wani gidan rediyo ya watsa shiri mai sukar rigakafin. Ban ɗora jinin nan a kan shirin ba. Amma 'yan sanda sun kama ma'aikatan gidan, hukuma kuma ta dakatar da lasinsa gaba ɗaya, masu laifi da marasa laifi duk su ka zauna a gida. In irin wannan ta faɗa wa tasharmu, sanarwar jana'iza da cigiyar yaro da farashin hatsi da ranar awon ciki duk za su tafi tare da ita, mudun geron matan nan ya tafi a banza.

Kada malamai su karanta wannan su yi murmushi, domin namu kason yana nan. Ni ina da fili a tashar nan ranar Alhamis, kuma na ji baƙon nan da kunnena sau biyu. Na yi tsaki na murɗe akwati na ce ba fannina ba ne. Da na tashi a daren farko na tafi ƙofar Baba Alhaji, watakila da tsohuwar nan tana tafiya da ƙafafunta. Ina neman gafarar Allah, na kuma je na nemi tata. Kuma cikinmu akwai masu sayen fili su kwashe rabin sa'a suna yagar malamin wata unguwa, suna fitar da shi daga addini, yara suna ji, gobe su haɗu a rijiya. Amintattu na jin nauyin rawani su yi shiru. Ƙa'idar da na ke nema ta fara hawa kaina: in na ambaci mutum da suna na ci mutuncinsa, a karɓe filina, kada a dubi gemuna.

Abin da mu ke nema gare su kaɗan ne. Su rubuta ƙa'idar abin da ba a sayar wa fili ko nawa aka biya, a karanta ta a tashar da Hausa, a manna ta a ƙofa da ajami da boko. Kada mai magani ya yi magana kai tsaye, a ɗauki muryarsa tukuna, wani ma'aikacin asibitin gari ya saurara kafin a sa. A sayi abin ajiyar murya, kuɗinsa bai kai na ragon suna ba. Su raba kwanakin mako a tsakaninsu. A ajiye littafin ƙara a tashar, wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa, a buɗe littafin a kowane zamansu. Kuma su ɗaure kansu da cewa babu ɗayansu da zai sake tsayar da shiri shi kaɗai ta waya. Sau ɗaya a shekara su fito gaban jama'ar da ta zaɓe su, su faɗi wa aka sayar wa fili, nawa ya biya, wa aka hana, don me. Wanda ya ga ba zai iya ba ya mayar da kujera cikin mutunci, za mu raka shi gida da godiya.

Na ji an ce wani mai gora ya iso garin a makon jiya, ya riga ya je tambayar kuɗin filin daren Talata. Malamai sun ce a yi gargaɗin garu a gaban shaidu. Saboda haka na rubuta wannan takarda kwafi tara da hannuna, almajirin nan da aka yanke ƙafar mahaifiyarsa shi zai kai wa kowannensu tasa ranar Juma'a bayan an sauko, tare da mutum biyu da za su ga an karɓa. Haza wassalam.